Idon Ɗan Sailuba

Ajame, Abijan
Watan Rajab, shekarar Nasara 1938

Takarda ta fito daga hannun Kalla, mai korar shanun mutane, zuwa ga taubashinsa kuma bawansa, Haladu tela, a Matankari.

Gaisuwa mai yawa, irin wadda jaki ɗaya ba ya ɗauka. Yaya damina, yaya gero? Ka durƙusa mini gaban Goggo, uwarka, ka gaishe ta, durƙuso ai ba baƙon abu ba ne ga ɗan mace. Ka gaida Tsohuwa, surukata, daga nesa yadda ya kamata. Wadda na aiko gida goyon ciki kuma, in babu mutane kusa, ka ce mata: Sailuba, Kalla yana tambayar nauyin jiki. Ɗiyata Talatu tana lafiya. Marainiyar nan ta yi baki, ta ce tuwon da nake tuƙawa tun tafiyar Sailuba ya fi dacewa da gini.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san allona bai yi nisa ba, makarantar Nasara ta Dutsi kuma ta taga na fita.

Lafiyata daga cibiya zuwa sama ƙalau. Daga cibiya zuwa ƙasa ne aka yi mini tawaye. Tun kafin Sailuba ta taho nake jin ɗan zafi in na zaga, na ɗauka barkonon mutanen nan ne ya ɓata hanyar fita. Yanzu kuwa kullum safiya sai in tarar da wani ruwa mai kauri, fari da ɗan rawaya, ya manne mini a wando. Da kaina nake wankewa a ɓoye. Na ce wa Talatu ladan tsabta nake nema. Fitsari kuma ya zama kumandan, babban Nasaran da ke mulki: sai na tsuguna na jira, na yi nishi, na roƙa, sannan ya leƙo ɗigo-ɗigo, kamar ana jan ƙaya. Ran nan mun sauke shanu daga jirgin ƙasa, za mu ƙetare da su gadar nan mai yawo kan ruwa zuwa mahautar Tireshibil, na ratse bayan wata katanga. Kafin ya amince ya fito, shanu sun isa, har an fara fiɗa. Mahauta suka ce ko fili na saya a can.

Na sha jar kanwa, na sha saiwar wata Bajula, 'yar ƙabilar Julawa, da ta rantse mini da 'ya'yanta. Alwala ta daina zama a jikina. A masallaci sahun baya nake bi, kusa da takalma.

Sai na je gidan likita na Tireshibil. Akwai wani ma'aikaci ɗan Dahome, infirmiye suke ce masa, yana jin Hausa irin ta fatake. Ya duba wurin da ba wanda ya duba tun ranar kaciya, ya ce ciwon sanyi ne. Na ce to ai dole, kullum ƙafata cikin ruwa. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko ina da iyali. Na ce ina da mata, tana da ciki, tana ƙasarmu. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ja ni bakin ƙofa, ya nuna mini wata mace a layi da yaro a cinya. Haladu, idon yaron nan fari fat, duka biyu, kamar na dafaffen kifi. Ya ce ciwon yana kwanciya a jikin mace ba ta ko sani ba, ranar haihuwa ya shiga idon jariri. In an ɗiga masa magani ranar da ya faɗo, an wuce wurin. In an bari ido ya kumbura ya fara mugunya, to ba a daɗewa.

Ga abin da nake so. Ranar da Sailuba ta sauka, a ranar, ka sa a kai jaririn gidan likita na Dutsi a ɗiga masa. Ita ma a duba ta. Amma kada ka gaya wa Tsohuwa dalili. Ni da ban taɓa faɗin sunanta ba, ni da nake faɗawa gonar mutane in na hango ta a hanya, ta yaya zan aika mata labarin wandona? Ka ce mafarki na yi, ko ka ce dokar kumandan ce. Ƙarya dai a gidanku aka yaye ta.

Kada ka tambaye ni inda na samo. Wannan tsakanina ne da Ubangijina, kuma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Nomau mai shanu zai kawo maka wannan. Haza wasalam.

Ubangidanka, Kalla.

*

Matankari
Watan Sha'aban

Daga Haladu tela zuwa ga Kalla, sarkin ƙarya na bakin teku.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, gero ya yi, wake ne tsutsa ta taɓa. Uwata ta amsa, ta ce Allah ya shirye ka. Mai cikinka lafiya lau, tana cin fura kamar mutum biyu, ungozoma ta ce sai wajen ƙarshen azumi.

Takardarka ta iso ina rumfa, Ɗan Azumi wanzami da Sha'ibu suna zaune. Na karanta musu wurin kumandan da wurin katanga. Sha'ibu sai da ya faɗo daga kan turmi. Sauran na bar wa cikina, kada ka ce ban san ya-kamata ba.

Amma Kalla, ka tsufa, ka fara maimaita dabara. Bara waccan wa ya rubuto cewa kada ya cinye masa ƙafa a ruwan Abijan? Uwata ta yi kuka har muryarta ta dushe, aka yi sadakar waina, malamai suka yi addu'a. Sai ga Nomau ya dawo ya ce ya bar ka kana rawa a bikin Julawa da ƙafa biyu. A wancan karon ma ka ce kada a gaya wa kowa. Bana an bar ƙafa, an hau sama kaɗan.

Na gane inda ka dosa. So kake in je gaban surukarka in ce a ba ni ɗan da ba a raɗa wa suna ba, in ratsa daji da shi zuwa wurin Nasara, ta bi ni da muciya har kasuwa, kai kuma ka sami abin ba mahauta dariya shekara guda. Wa ya taɓa fitar da ɗanyen jariri kafin suna? Matar da ta binne jikoki, ita za ta miƙa wannan ga iskar hanya saboda mafarkin surukinta? Watan cika-ciki bai kama ba, ka ajiye wasanka sai lokacinsa.

In kuwa da gaske akwai ɗan sanyi, Ɗan Azumi ya ce fitsarin kare ka tsallaka. Ka jiƙa sassaƙen marke da tsamiya ka sha. Ya ce rabin mazan garin nan sun yi, ga 'ya'yansu nan suna gani har hanji.

Na ɗinka wa jaririn 'yar hula. Ka gaida Talatu, ka ce mata ta yi haƙuri da uban da Allah ya ba ta.

Wasalam. Haladu, wanda ba bawan kowa ba.

*

Ajame
Farkon azumi

Haladu,

Gaisuwa. Yaya ibada? Ka gaida Goggo. Ba zan tsawaita ba.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin gar, tashar jirgin ƙasa, na zauna a ƙasa. Laifina ne da na rubuta ta da irin bakin da na saba. Ban san wani baki ba. Ko ranar da aka binne uwar Talatu sai da na sa masu haƙa dariya, ka sani, kana wurin.

To ka saurara. Wallahi tallahi, da bakin azumi nake rubuta wannan, babu wasa a ciki. Maganar kada ƙarya ce, wannan gaskiya ce. Allah ya makantar da ni in ƙarya nake. Ka ga abin da na roƙa wa kaina, ka san dai ban taɓa ba.

Ka tuna Mati, tsohon nan na Doguwa da ke gadin turken shanu a nan? Shekara da shekaru muna tsokanarsa da daɗewa a bayan gida. Kwanan baya hanyar fitsarinsa ta rufe gaba ɗaya. Mararsa ta kumbura kamar salkar ruwa, yana ihu yana kiran uwarsa, mutum mai furfura. Muka ɗora shi a amalanken nama muka tura har Tireshibil, ba mu isa da shi da rai ba. Ni na riƙe ƙafafunsa a kan gada. Tun ranar, duk lokacin da na tsuguna ya ƙi fitowa, sai in ji muryarsa.

Infirmiye yana wanke ni da wani ruwa mai kalar zoɓo, yana ɗura shi ta inda Allah ya yi don fita kawai. Akwai kuma wasu tsinkayen ƙarfe da yake zurawa don hanya ta buɗe, daga ƙarami zuwa babba. Na ga babban. Na tambaye shi ko na shanu ne. Ka gani, har yanzu ban daina ba, bakina ba ya jin magana.

Na so in taso da kaina. Ya ce in ƙofar ta rufe mini a bayan mota tsakanin Bobo da Yamai, babu mai buɗe ta, sai dai a sauke ni a bakin hanya a yi mini salla. Na yi tunanin buga waya, amma waya ta hannun tafintan kumandan take bi, kafin ta iso ku duk Dutsi ta sani, kuma ba a rantsuwa a cikinta.

Ba kaina nake tsoro ba. A'a, ƙarya ne, ina tsoro. Amma ni na ga duniya, na ga teku, na ga fuskar uwata. Ɗan da ke ciki shi bai ga komai ba tukuna.

Ka je wurin Tsohuwa. Ka yi mata kuka, ka yi mata ƙarya, ka ce malami ne ya duba. Dalilin kawai ka rufe mini. In ta sani, da wane ido zan sake shiga Matankari?

Ka amsa da mutum na farko da ya nufo kudu.

Kalla.

*

Ajame
Tsakiyar azumi

Haladu,

Shiru. Duk jirgin da ya sauka ina bakin gar ina duba fuskokin mutanenmu, ba kowa. Na san ba a isa samun amsa ba, amma na kasa zama.

Jiya na ga matar nan ta gidan likita a kasuwar Tireshibil, tana sayar da soyayyar ayaba, yaron yana zaune kan tsumma. Na tsuguna na yi masa irin fuskar da nake yi wa yara, wadda ko ɗan Nasara sai ya yi dariya. Bai motsa ba. Na kaɗa yatsu, sai ya juyo mini da kunne. Da kunne, Haladu.

Na dawo ina tambayar kaina: a takardar da ta wuce na ce da wane ido zan shiga Matankari. Ina lissafin idona, na mutum mai gemu, ana maganar na ɗan da Sailuba za ta haifa.

Ga wata takarda a ciki, ta Tsohuwa ce. Ta gidan waya na aiko don ta fi Nomau sauri. Ka je ka karanta mata da kanka, daga farko har ƙarshe. Kada ka tsallake kalma, kada ka gyara, kada ka sassauta. In Sailuba tana kusa, a bar ta ta ji.

Zuwa ga Inna.

Ina durƙushe ina gaishe ki. Allah ya ƙara girma, ya ba da ladan azumi.

Inna, tun da kika ba ni ɗiyarki ban taɓa ɗaga kai na dube ki ba, ban taɓa ci a gabanki ba. Yau zan faɗa miki abin da suruki ba ya faɗa. Ki gafarce ni.

Ina da ciwon sanyi. Mugunya tana fita daga gabana, fitsari yana yi mini wuya. Ina da shi tun Sailuba tana ɗakina. Ba daga wurinta ya zo ba, daga wurina ne, kowa ya ji wannan. Likita ya ce mai yiwuwa na sa mata ba ta sani ba, kuma abin da za ta haifa zai kwasa a ido wurin fitowa. Na ga yaron da aka yi wa haka. Ba ya gani, ba zai gani ba.

Maganin yana gidan likita na Dutsi. Ana ɗigawa a ranar haihuwa. In kin ga idon ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana ruwa, kada a jira suna, kada a jira gari ya waye sau biyu. Nono ba zai yi ba, kwalli ba zai yi ba.

Na san abin da nake roƙo. Na san kin rasa jikoki, kina tsoron hanya. In kin ce in saki ɗiyarki bayan wannan, zan yi. In kin ce kada in sake taka garin, ba zan taka ba. Ki kai shi kawai.

Surukinki, Kalla.

*

Matankari
Bayan ƙaramar salla

Daga Haladu zuwa ga ɗan uwana Kalla.

Bayan gaisuwa da barka da salla. Sailuba ta sauka lafiya, namiji. An raɗa masa Harisu. Uwa da ɗa suna raye. Ka yi hamdala tukuna, sannan ka ci gaba da karatu.

Takardarka ta farkon azumi ta same ni kafin haihuwa. Na karanta ina neman inda ka ɓoye dariyar. Na ga ta tsinken shanu, na ce to ga shi nan. Amma rantsuwar ta tsaya mini a rai. Na je wurin Inna na ce wani malami a Abijan ya duba ya ce a kai jariri Dutsi. Ta ce malamin ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Na fito, don ni ma rabin zuciyata ce ta je.

Aka haihu. Kwana kaɗan idon yaro ya yi ja. Aka ce ba komai, aka matsa masa nono. Washegari ya kumbura ya rufe, in an buɗe sai mugunya ta ɓullo. Aka sa kwalli, aka yi tofi. Ina ganin abin da ka faɗa yana faruwa ɗaya bayan ɗaya, ga dalili a bakina, ga amanarka ta ɗaure ni. Allah ya gani, na tsaya ƙofar gidan nan na koma ba sau ɗaya ba.

Ana cikin haka ɗan aiken gidan waya ya iso da takardarka ta ƙarshe. Na karanta a rumfa, na juya bayanta, na sake karantawa. Ta Inna babu wasa ko ɗaya a ciki. Tun muna yara ban taɓa ganin ka yi magana mai tsawon haka ba ka karkace ba. 

Na sami Inna a tsakar gida, mata cike, ana dakan suna. Na ce saƙo ne daga surukinta, a keɓe. Ta ce wanda ba shi da kunyar aiko mata takarda, a karanta a nan. Na fara. Da na kai wurin ciwon sai taɓare suka tsaya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na dakata. Daga cikin mayafin ta ce, “Wa ya ce ka tsaya?” Na karanta har sunanka.

 Ta shiga ɗakin mai jego ta fito da yaron a naɗe. Ƙanwarta ta tare ƙofa tana cewa, “Yaya, ba suna! Ba a aske shi ba!” Ta ce, “Namijin da ya tuɓe wandonsa a gaban surukarsa ba wasa ya kawo shi ba. Matsa.” Ta ƙi hawa jaki, wai zai girgiza shi. Da ƙafa ta je Dutsi, da azumi a bakinta, ni ina biye da tulun ruwa, Sailuba a kan jakin a baya.

Ma'aikatan gidan likita suka riƙe su a can. Ana wanke idon ana ɗigawa ba dare ba rana. A can aka yi suna, a ƙarƙashin bedi, ba taro, Ɗan Azumi ya bi mu da askarsa. Sailuba ma suna ba ta magani.

Yanzu ga abin da nake ta kewayewa. Ido ɗaya ya buɗe garau. Yana bin hasken ƙofa, jiya ya bi hulata. Ɗayan akwai farin tabo a tsakiya. Likita ya ce wannan ya tafi. Ya ce da an ƙara kwana, da duka biyu ne. Bai ce da an zo da wuri ba, amma na ji shi.

Kalla, da na yarda da takardarka ta farko. Ban san yadda ake roƙon gafarar taubashi ba, ba a koya mana ba.

Garin duk ya ji, ba zan ɓoye maka ba. Yara sun sa maka suna, ba zan rubuta ba. Inna ta ce in faɗa maka: ba ta ce ka saki kowa ba, ka warke tukuna. Ta ce in ka zo kada ka sake faɗa mata gonar mutane, abin da za ka ɓoye ya ƙare. Na tambayi Sailuba ko da saƙo. Ta ce babu.

Wasalam. Haladu.

*

Ajame
Watan bawan salloli

Haladu,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na karanta wa Talatu farkon, ta fita da gudu tana gaya wa duk unguwa da Julanci ta yi ƙane.

Ba ka da laifi. Ni na koya maka kada ka yarda da ni, kuma ka iya karatu.

Ka gaida Inna. Ka ce mata na ji. Sailuba kuma kada ka matsa mata, babun nan nata ne, zan zo in karɓa da kaina. Jiki da sauƙi, ruwan ya tsaya, kumandan ya fara amsa sallama. Infirmiye ya ce in muka gama da babban tsinke zan iya hanya. Sunan da yara suka sa mini ka ajiye, in bai yi daɗi ba zan gyara musu.

Abu ɗaya ka manta. Ka ce ido ɗaya, ba ka ce wanne ba. Ka rubuto mini, dama ne ko hagu. Ina so in san gefen da zan tsaya ranar da na shigo, don ya gan ni.

Kalla.